Kujerun Asiya

"Ke kika ɓata min suna, Asiya, ke da kujerunki!"

Yalwa ce ta faɗa tun daga bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba. Shekara da shekaru ita ke buga bandiri a ƙungiyar matan da ke kiɗan biki tsakanin unguwannin Mansur da Utaibiyya. Asiya ce shugaba, ita ke kaɗa udu, molon Larabawa, tana waƙa. A ƙasa suke zama, gwiwa na gugar gwiwa. In lokacin shigar bandiri ya yi, sai Asiya ta ɗan ture ta da gwiwa. Ba su taɓa zancen ba, haka kawai suke yi.

Sai Mukhtaru, ƙanin Asiya, ya dawo daga Jidda da majigi da wani fim na makaɗan Masar. Asiya ta kalla, ta sayo kujeru, ta jera su kamar na fim, mai bandiri can baya. Ranar wani biki a Utaibiyya, Yalwa ta yi ta jiran gwiwa, shiru. Ta shigo a makare, mata suka kwashe da dariya. Uwar amarya ta ce tsohuwar ta kurmance, kada a sake kawo ta.

"Yaya Yalwa, ki zauna mana," in ji Asiya.

"A kujera? Allah ya kiyaye. Mukhtaru, kunna min abin nan. Ina so in ga yadda na bayan yake sanin lokacinsa."

"Hajiya, da rana tsaka?" in ji Mukhtaru.

"Rufe tagogi. Yalla, maza!"

Aka rufe, hoto ya hau bango. Makaɗa ne birjik cikin baƙaƙen kaya. Mai goge ya daina magana da mai sarewa saboda wata mace, suna ta harare-harare. Yalwa ba ta damu da su ba, idonta na kan mai gangar da ke can baya. Abin mamaki, ba wanda ya taɓa shi, amma bai makara ko sau ɗaya ba. Ta matsa har inuwar kanta ta shiga hoton.

"Ina yake kallo? Wancan da ya ba mu baya, mai 'yar sanda, me yake kaɗawa?"

"Ba ya kaɗa komai, Hajiya. In ya nuna mutum da sandar, sai ya shigo."

Yalwa ta juyo a hankali.

"To! Ashe su ma suna da gwiwa, tsaye kawai take. Kin kwaso kujeru kin baro mai sanda a Masar."

Yalwa ta nufi ƙofa.

"Kunnena ƙalau yake. Ɗauko abayarki, Utaibiyya za mu. Matar nan a gaban mutane ta kira ni kurma, ke kuma a gabansu za ki faɗi wanda ya jawo. Tashi!"