Sawu Zuwa Ramin Mita

Ok-bun ta sake murɗa kan famfon har yatsunta suka yi ja, ko ɗigo bai sauko ba. Waken suyar da ta jiƙa yana nan a baho, ƙanƙara ta yi masa murfi. In ba ruwa ba awara, in kuwa ba awara, gidajen abincin da take kai wa za su koma wajen wani. Ta san halinsu, ba sa dawowa.

"Baban Mi-ja, tsohon nan ne," ta ce wa mijinta Man-su. "Shi ya rufe mana ruwa."

"Ke ma dai da neman magana. Rabin garin Cheorwon famfonsu ya daskare."

"Har namu da nake bari yana ɗiga don kada ya daskare? Fito ka ga sawu."

Ga shi nan kuwa raɗau a kan dusar ƙanƙara, daga ƙofar maƙwabcinsu Baba Pyo zuwa ramin mitar ruwan da gidajen biyu suke tarayya a kai. An je an dawo, an sake komawa. Ta ja murfin ramin, sanyi ya liƙe shi gam. Dama tun kaka suke 'yar tsama da tsohon a kan ruwan waken da take zubarwa a lungu, wai zai daskare ya karya masa ƙugu. Man-su ya dubi sawun, ya sosa ƙeya, ya ce bari ya duba wutar da ke ɗumama ɗaki.

Duk faɗan da suke yi, Ok-bun ba ta taɓa fasa kai wa tsohon awara mai zafi da safe ba, don tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune. Takan buga ƙofa ta ce, "Baba, ka ci abinci?" Shi kuma ya yi gunaguni ya karɓa. Ranar ba ta je ba, washegari ma haka. Jarkoki ta riƙa turowa a baro daga kasuwa, gashin hancinta yana daskarewa, zuciyarta tana tafasa. Sau ɗaya ta tsaya ta kara kunne a ƙofarsa. Ɗis, ɗis, ɗis.

"Ka ji mugun tsoho," ta ce a ranta. "Nasa yana zuba."

Da mai gyaran famfo ya samu zuwa a rana ta uku, sai da ya kwarara ruwan zafi kafin murfin ya ɗagu. Ya zaro tsummoki, sannan ya jawo wani ƙaton bargo mai auduga da aka naɗe bututun da shi.

"Wane ne ya cusa bargon kwanansa a nan? Ai shi ya ceci mitarku. Uwar gida, ba wanda ya rufe komai. Daga cikin gidanku ƙanƙarar ta kama. Wani ya ɗaure kan famfo ya kwanta."

Ta juya ta dubi Man-su. Shi takalminsa yake kallo.

"Ƙarar ɗigon ce ta hana ni barci," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ka sani, ka bar ni ina..." Ba ta ƙarasa ba. Idonta ya kai kan bututun hayaƙin gidan Baba Pyo, babu hayaƙi ko kaɗan.

Ta yi ta dukan ƙofar tana kira. "Baba! Baba, ka ci abinci?"

Man-su ne ya ɓalle ƙofar da kafaɗa. Tsohon yana kwance a daɓen ɗaki, ya dunƙule cikin rigar sanyinsa, tafukansa a tsakanin gwiwoyi, ko motsi ba ya yi. Gawayin da ke ɗumama daɓen ya daɗe da zama toka.

Ok-bun ta fita, ta jawo bargon tsohon daga bakin rami ta shigo da shi. Ta ɗora masa, amma bargon ya sandare, ya ƙi kwanciya a jikinsa. Ta durƙusa tana danna gefunansa da tafin hannu, ƙanƙarar ciki tana ƙas-ƙas.