Lambar Teburin Bakin Taga

"A nan take zama," in ji mai gidan abincin, Ba Kapembwa, yana shafa teburin bakin taga kamar mai lallashin doki. "Misis Pendry, matar manajan ramin haƙar jan ƙarfe. Kewar ƙasarsu ce ta kashe ta."

Mai girki, Bana Kangwa, tana jin sa daga kicin, hannunta na kan muciya cikin tukunyar nshima, tuwon masara. Bara zazzaɓi ne ya kashe Misis Pendry. Shekaran bara zaki. Matar dai tana da haƙuri, duk mutuwar da mai gidan abincin ya zaɓa mata karɓa take yi.

Baƙi 'yan yawon buɗe ido suka kewaye kofin shayin da ake tararwa kowace safiya a teburin, an sha rabi. Suka yi ta ɗaukar sa hoto. Babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa fatalwar Baturiya take shan shayi a kofin silba mai lotsattsen baki.

Gidan abincin dā kulob ɗin Turawan kamfanin jan ƙarfe ne. Da aka rufe ramin, aka yi gwanjon tarkace, har da wasu lambobin tagulla goma sha ɗaya. Aka kafa su a tebura, ɗaya-ɗaya, don ado.

Wani baƙo mai gajeren wando ya duƙa ya karanta ta teburin bakin taga. "Dubu biyu da ɗari uku da sha shida. Za ka sayar mini da wannan?"

Ba Kapembwa ya yi jan aji na kusan daƙiƙa uku. Sannan ya aika a kawo sukundireba.

Bana Kangwa ta sauke tukunyar. Shekara talatin tana girki a gidan nan, ba ta taɓa shiga falon baƙi ana cin abinci ba. Yau ta shiga, da muciyarta.

"Ba Kapembwa, ajiye abin nan."

"Haba Bana Kangwa, nshima zai ƙone!"

"Na sauke. Ni ba na barin abu a ƙasa in manta da shi." Ta juya ga baƙon. "Ranka ya daɗe, ka san abin da za ka saya?"

"Lambar tebur."

"Lambar mutum. Duk mai shiga rami sai ya rataya lambarsa a allo a ba shi fitila. In ya fito ya mayar da fitila, ya ɗauki lambarsa. In an tashi aiki aka ga lamba a allo, to mai ita yana ƙasa." Ta nuna teburan da muciya. "Ranar da rami ya rufta, goma sha ɗaya suka rage. Kamfani ya rubuta cewa sun gudu gida. Sun gudu ta ina, ta cikin dutse?"

Wata mata ta ɗauke gwiwar hannunta daga kan teburinta a hankali.

"Wannan Lazarous Sikazwe ne, babana. Ina shekara shida. Uwata ta mutu ana ce mata matar magudanci. Shayin nan nasa ne, cokali uku na sukari. Rabin ni nake shanye masa, don bai son ɓarna."

Ta bi tebur-tebur tana kiran sunaye, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Phiri mai waƙa. Mwakasungula da ƙanensa. Na bakin ƙofa kuwa, Simon, sati biyu ya yi a aikin, babu wanda ya riƙe sunan ubansa.

"To Misis Pendry fa?" in ji baƙon.

"Na san ta. Ta koma ƙasarsu da ƙafarta, da karnukanta biyu."

Ba Kapembwa ya buɗe baki zai kore ta. Sai ya lura wayoyi goma suna ɗaukar ta, kuma babu mai kallon kofin. Ya zura sukundireban a aljihu.

"Ba na sayarwa ba ne," ya ce da ƙarfi. "Wannan tarihinmu ne."

* * *

Lambobin suna nan. Bayan wata guda aka buga sabuwar takardar abinci. Misis Pendry tana nan a sama da hotonta, domin, in ji Ba Kapembwa, ba a korar tsohuwar ma'aikaciya haka kawai. Mutum goma sha ɗaya suka samu wuri a shafin baya, ƙarƙashin kayan zaƙi.

Da safe, kafin a buɗe ƙofa, Bana Kangwa ta ajiye shayin, ta zauna a gabansa da biro da takardun abincin guda arba'in. An rubuta Sikaswe maimakon Sikazwe. Ta gyara ta farko, ta kurɓi shayi, ta jawo ta biyu.