Alkamar Arba'in ɗin Mama

"Ni zan yi koliban Mama," na faɗa wa ƙanena Lefteris, kwana uku kafin arba'in ɗinta, ina nufin dafaffiyar alkamar da muke kaiwa coci don sadakar mamaci. "Ka gaya wa matarka ta huta."

Argiro, matar tasa, tana bakin murhu tana ji. A ƙauyenmu ana ce mata Maidano, wato ganyen faski, don babu tukunyar da ba ta shiga. Biki ita, baftisma ita, rasuwa ita. Mama ce ta laƙaba mata sunan, kuma da dariya take faɗarsa, irin dariyar da ban tuna ta taɓa yi mini ba.

"Yaya Froso, ko ganyen faskin da ake sawa ciki kaɗai ki bar mini," in ji ta.

"Ita ta haife ki ne?"

Ta juya ga tukunyarta.

Ranar Juma'a na dafa alkama, na shanya ta a kan zanen gado kamar yadda nake ganin ana yi. Asabar da safe na ɓare rumman, na zuba zabibi da kirfa. Na tsinko faski a lambun Mama, na wanke, na yanka, na juye ciki nan take. Na rufe farantin da garin sukari fari tas, na jera ƙwayoyin almon, masu kama da gyaɗa, a siffar gicciye. Har na ji Lefteris yana cewa ya yi kyau.

A coci aka ajiye shi gaban hoton Mama. Fada Tanasis bai kai rabin addu'a ba sukarin ya fara jiƙewa. Kore-kore ya ɓullo ta gefe, gicciyen ya karkace ya nutse. Tsohuwa Kaliyopi, maƙwabciyarmu, ta zunguri ta kusa da ita.

"Wannan ba hannun Maidano ba ne."

Aka raba a 'yan takardu a ƙofar coci, kowa ya karɓa ya ce Allah ya gafarta mata. Na ga mutum biyu sun cusa nasu a aljihu.

Argiro ta cinye nata duka, sannan ta matso kusa da ni.

"Ganyen ake busarwa a tawul tun daren jiya, Yaya. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata shi."

"Wa ya gaya miki?"

Ta sunkuyar da kai. "Mama. Shekarar da na zo gidan nan."

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan kafin ta zo.