Kafaɗar Ciyaman

"Ƙungiyar Masu Gudu ta Zumunta ba ta taɓa barin ɗanta a baya ba."

Alhaji Mudassir, ciyaman ɗin ƙungiyar, shi ya faɗi haka a lasifika a harabar gidansa da ke GRA, lambar yabo tana lilo a kan tumbinsa. Aka yi tafi. Da safen nan suka kammala tseren rabin fanfalaki a cikin birnin Katsina, yanzu kuma ana cin shinkafa da kaji a ƙarƙashin rumfa, kowa yana nuna wa na kusa da shi inda takalmi ya ci masa ƙafa.

Sammani yana tsaye a bakin ƙofa. Shi ba ɗan ƙungiya ba ne, tela ne a Ƙofar Durɓi, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Malam Tanko, ɗaya daga cikin masu gudun. Daga asibiti yake. Ya jira tafin ya lafa, don shi mutum ne mai ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya yi wa Tanko rasuwa. Jana'iza bayan la'asar."

Aka ɗauki salati. Ciyaman ya bi kujeru da kallo kamar zai tsinci Tanko a kan ɗaya. Sai a lokacin aka lura tun safe ba wanda ya gan shi.

Tanko tsohon masinja ne. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda ciwon suga, shi kuma ya ɗauki maganar da gaske fiye da likitan. Kullum shi ne na ƙarshe, bai taɓa jin haushi ba. Ƙa'idar tseren ita ce motar ƙungiya ta biyo na ƙarshe da ruwa. Amma rumfa da kujeru ba sa kai kansu GRA, saboda haka ciyaman ya janye motar tun kafin rana ta yi zafi. A wajen Ƙofar Marusa Tanko ya faɗi. Wani mai napep ya gane shi, ya kai shi asibiti, ya kira Sammani. A kan gado abu ɗaya Tanko ya yi ta nanatawa: a gaya wa direba inda yake, kada bawan Allah ya yi ta neman shi a hanya.

Wannan maganar ce Sammani ya kasa haɗiyewa.

Aka sallaci gawa a ƙofar gida. 'Yan ƙungiya sun zo cikin manyan riguna, suna takawa kamar masu tafiya a kan ƙaya. Motar ma ta zo, an kwantar da kujerunta na baya.

"A sa shi a mota," in ji ciyaman. "Ɗanmu ne, mu za mu kai shi."

"Ɗanku ne kam," in ji Sammani. "Amma motar nan da safe ya jira ta, yanzu ya daina jira. A kafaɗa za ya tahi. Bismillah, Alhaji, ga kusurwar gaba, hannun dama."

Ba a ƙin makara a gaban jama'a. Ciyaman ya tattare hannun riga ya sa kafaɗa.

A unguwar ba wanda ke daɗewa a ƙarƙashin makara. Taku kaɗan wani zai matso ya karɓe ka, kowa yana son ladan, tafiyar kuma da sauri ake yin ta. Haka aka yi a kusurwa uku. Ta huɗun kuwa Sammani ya manne mata, duk wanda ya miƙo kafaɗa sai ya ɗan taɓa masa hannu. Ba wanda ya nemi bayani, unguwa ta riga ta ji labarin mota. 'Yan ƙungiya da ya kamata su ceci shugabansu, ƙafafunsu sun gama aikin yau, tun a kwanar farko aka bar su.

Gumi ya jiƙa shaddar ciyaman har ƙugu. Numfashinsa ya koma na tsohon injin niƙa.

"Malam Sammani," ya ce a hankali, "ka karɓe ni."

"Daure, Alhaji. Mota na nan tahe."

Sammani ya ji daɗin wannan magana har cikin ƙashinsa. Ya so ya ga gwiwar mutumin nan ta taɓa ƙasa a gaban dillalai da 'yan acaɓa, ya so a yi ta ba da labarin a majalisa har baɗi. Saura kaɗan kuwa. Ƙafar ciyaman ta harɗe, kusurwar ta yi ƙasa, gawar ta zame cikin tabarma har gefen likkafani ya leƙo.

Liman, wanda ke tafe a bayansu, bai ɗaga murya ba. "Sammani, Tanko ne fa a sama."

Sammani ya sa kafaɗa. Bai zaci maƙwabcin nasa ya yi rashin nauyi haka ba. Ciyaman ya fito daga ƙarƙashi, ya zube a dakalin wani shago. Ba a tsayar da makara don mai rai, aka wuce.

Aka rufe kabari, aka yayyafa ruwa, aka shafa addu'a, jama'a suka juyo. A hanya suka ci karo da ciyaman yana nufar maƙabarta shi kaɗai, hannu dafe da kafaɗa, yana jan ƙafa ɗaya. Sammani ya matsa gefe ya ba shi hanya. A bayan ciyaman motar ƙungiya tana biye a hankali, direba ya bar ƙofa a buɗe, shi kuma bai waiwaya ba.