Ya Tafi Wanki

Hassada ce. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya tausaya mani ya ce tsautsayi ne. Ita ce ta tsayar da ni bakin zaurena wata Litinin da hantsi, hannuna duk kumfar sabulu, ina kallon motar haya da aka yo shata ta tsaya ƙofar gidan Malam Siddiƙu, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu a Ƙofar Guga shekara talatin da ɗaya.

Ya fito cikin farar riga, ɗiyar shi Rashida, wadda ke koyarwa a firamare, tana riƙe da gwiwar hannun shi, ga wata jaka ta rataya. Ya ɗago mani hannu. Na ɗaga nawa rabi. Da motar ta sha kwana na matsa bakin soron su na yi sallama, matar shi ta amsa daga bayan labule.

"Maman Rashida, an tashi lafiya? Ina Malam ya nufa haka, har da shata?"

"Ya tafi wanki," ta ce, ta koma ciki.

Wanki! Ni Lado, wankin hula ne sana'ata, ita na gada wurin ubana. Shekara talatin da ɗaya babu hular Siddiƙu da ba ta bi ta hannuna ba, in wanke, in sa sitati, in ɗora bisa itace in buge ta har ta tsaya. Yau ya yi kuɗi, sai masu wanki da inji na unguwar manya, har da ɗaukar mota. Na koma na zauna gaban bahona, na daɗe ban taɓa ruwan ba.

Da ni da shi daidai muke. Shi tsohon akawu ne, fanshon shi ba ya kai shi tsakiyar wata. Ni kau abin da hula ta kawo. Sai Rashida ta koya mashi kasuwar kirifto, kuɗin nan na cikin waya da ake saye a sayar ba a taɓa su da hannu. Kullum bayan sallar la'asar yana bisa dakali da tabarau, ya ƙura wa waya ido. In ta yi kore, alamar riba, ya ce alhamdulillahi, in ta yi ja, alamar asara, ya ce alhamdulillahi, ya kife ta.

Ni fa ina lura. Na ga ana shigo mashi da ruwan roba katan-katan. Na ga fuskar shi ta cika, ƙafa ta yi ɓul-ɓul har takalmi ya daina shiga, na ce a raina, ka ga ƙibar jin daɗi. Tuwon da muke haɗuwa mu ci a zaurena tun muna da ƙarfi, sai ya fara cewa, "Ci kawai, Lado, na ƙoshi." Miyar gidana ce ta zama ba ta kai ba. Ga shi kuma Litinin da Alhamis, mota, wanki.

Rannan na danne zuciya na zauna kusa da shi.

"Malam, wannan abin naku, ba a sa talaka ne?"

Ya yi dariya. "Wa ya fi ni talauci a layin nan? Zo ka gani. Ka ga wannan? Na saya da safe, in ya ɗan hau kafin magariba in sayar. Ba na kwana da kaya. Kuma ba na zuba fiye da kashi ɗaya cikin ashirin na abin da nake da shi."

"Ɗaya cikin ashirin? Sauran fa, suna barci?"

"Suna jiran ranar da na yi kuskure. Sannan ga birki." Ya nuna mani wani layi. "Nan nake gaya wa waya, in farashi ya faɗo ya taɓa nan, ta sayar ko ina masallaci. In yi ƙaramar asara in tashi da ƙafata."

"To nawa ake samu?"

"Wata rana kuɗin cefane. Wata rana babu. Makon jiya sau uku birki ya fidda ni." Ya cire tabarau ya dube ni. "Lado, kana da sana'a a hannu, kana da gona. In dai za ka shiga, kawo dubu goma in nuna maka, ka yi wata shida kana koyo. Kasuwar nan yanzu ba ta da alƙibla, waɗanda suka fi mu ilimi ma kuka suke."

Dubu goma. Mutum yana hawa shata sau biyu a mako, ni yana ce mani dubu goma. Na ce wato birkin nan ni aka yi wa shi, don kada in kamo shi. Na tashi na kakkaɓe riga.

"Allah ya ƙara buɗi, Alhaji."

"Yaushe na zama Alhaji kuma?"

"Ai saura kaɗan. A gaida masu wanki."

Na ga fuskar shi ta sake. Daga ranar ban ƙara zama dakalin ba. In na hango shi sai in duƙar da kai cikin baho.

Ina da gona hanyar Kaita, ita ce kaɗai abin da ubana ya bar mani ban da sana'a, daga cikinta gidana ke cin gero. Na sayar da ita cikin kwana tara, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Na sayi babbar waya, na nufi shagon Mudassir, wani magidanci mai sayar da wayoyi wajen Ƙofar 'Yandaka wanda ke buɗe wa mutane asusun kirifto. Ni ban yi boko ba, amma ina gane lamba, ina gane kore da ja.

"Baba, duka za a zuba?" in ji Mudassir.

"Duka."

"To akwai wani tsari, ninki ake ce mashi. In an sa ninki goma, riba goma ce. Amma in kasuwa ta faɗi da kashi ɗaya cikin goma, kuɗin sun tafi gaba ɗaya. Ni dai da za ka ji tawa..."

"Sa goma."

"A ina za a sa birki?"

"Kai, Mudassir, ka taɓa ganin wanda ke son cimma na gaba yana taka birki? Bar shi."

Ya girgiza kai. "Ka shaida na faɗa maka."

Kwana huɗu na farko kore ne. Lambar ta haura miliyan uku. Na bar hulunan mutane jiƙe cikin baho har wata hula zanna ta zuba. Ina sallah waya na aljihu tana ƙuna kamar garwashi. Abin da nake hangowa ɗaya ne: ranar da zan tsayar da mota tawa ta kaina ƙofar gida, Siddiƙu yana bisa dakali yana kallo.

Ran nan Rashida ta yi sallama zaurena, ta durƙusa.

"Baba Lado, ina wuni? Baba ya ce don Allah in ka samu sarari ka leƙo shi."

"Dakalin ya yi mashi nisa ne?"

"Kwana biyu bai fito ba."

"To, manya ai ba su cika fita ba. Ki ce ina zuwa."

Ban je ba. Bayan kwana uku ta dawo, idon ta ya yi ja, na ɗauka hayaƙin girki ne.

"Ya ce magana ce ƙarama, ba za ta ɗauke ka lokaci ba."

"Ki ce mashi ni ma yanzu ina da harkoki."

Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna. Ta ce, "Baba, kai ma ka shiga? Ka sa birki kuwa?"

"Ku da birkin nan! Tashi ki ba ni wuri."

Ranar Alhamis da safe wayar ta wayi gari ja. Ba irin jan da na saba gani ba, wanda ke sauka ya hau. Wannan sauka kawai yake. Ban ko karya ba na hau mashin zuwa shagon Mudassir. Na tarar da mutum biyar tsaye, kowa ya riƙe kai.

"Me ya faru?"

"Wallahi Baba ba wanda ya sani. Wasu sun ce wata magana aka yi a ƙasar waje. Ka rufe yanzu, ka tsira da rabi."

"In rufe da asara? Za ta hau."

"Baba, rufe."

Ina cikin haka kira ya shigo, sunan Rashida ya rufe mani lambobin. Na katse. Ya sake shigowa, na katse. Sau huɗu. Har na ce wa Mudassir, "Dubi mutanen nan, ba su da aiki sai damun mutane." Na zauna bisa benci ina kallon ja yana cin gonar ubana kunya-kunya, ina cewa yanzu za ta juyo. Wajen sha ɗaya da rabi wayar ta yi ƙara sau ɗaya, wani rubutu ya fito. Na miƙa wa Mudassir.

Ya karanta, ya miƙo mani da hannu biyu. "Masu kasuwar sun rufe da kansu, Baba, kuɗin sun tafi. Sai haƙuri."

Da ƙafa na dawo. Ina shawo kwanar layinmu na ga tabarmi shimfiɗe har bakin zaurena, takalma birjik, ga makara jingine da katangar da ta raba mu. Liman ya hango ni.

"Malam Lado, ina ka shiga? Mun jira ka har mun gaji. An riga an haɗa Malam Siddiƙu."

Aka fito da shi, muka yi sallah, na sa kafaɗa na ɗauka tare da mutane har maƙabarta. Bai da nauyi ko kaɗan. Duk ƙibar nan da na shekara ina harara, ban san inda ta tafi ba.

Da muka dawo Rashida ta aiko a kira ni soro. Ta zauna ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sannan na yi tambayar da ta fi kowace wauta a rayuwata.

"Ciwon me ya same shi haka farat ɗaya?"

"Farat ɗaya? Baba, shekara biyu ke nan ƙodar shi ta daina aiki. Ba ka ganin mu Litinin da Alhamis muna tafiya wanki?"

"Wankin..."

"Wankin ƙoda, a asibiti. Awa huɗu yana kwance inji na tace mashi jini. Abin da yake samu a waya, da albashina, da abin da dangi suka taimaka, duk can suke tafiya. Shi ya sa bai taɓa yarda ya zuba da yawa ba. Yana cewa in ya yi ganganci sau ɗaya, wankin Alhamis ya tafi. An hana shi gishiri, an hana shi ruwan rijiya. Ya ce kada a gaya maka, don ya san halinka, sai ka sayar da gona ka kawo."

Ta ci gaba.

"Ya ɗauka ka gano, shi ya sa ka yi fushi don ya ɓoye maka. Ranar da ka ce a gaida masu wanki, bai ci abinci ba. Aiken da yake yi, gafararka yake nema. Sannan yana son ya roƙe ka, in ta Allah ta kasance, kai za ka yi mashi wanka. Ya ce duk Katsina bai san wanda hannun shi ya kai naka tsabta ba. Da safen nan ma sai da ya ce a kira ka. Da ya cika muka yi ta kira. Liman ya ce ba za a ajiye shi ana jira ba, sai wani baƙo daga masallaci ya yi."

Ga abin da na rasa, in lissafa maku, don ba na son a rage mani ko ɗaya. Gona guda, mai ba da buhu goma sha huɗu in damina ta yi kyau. Cikin miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, abin da ya saura waya ce da naira dubu shida da ɗari uku. Masu kawo hula mutum bakwai sun ɗauke kayan su. Kwana ashirin da shida ban ce wa Siddiƙu ina kwana ba. Aike biyu, kira huɗu.

Na fito daga soron na bi ta gefen masu zaman makoki na tsaya ƙofar gidana. Rariyar gidan su ta bakin zaurena take wucewa. Ruwan da aka yi mashi wanka da shi ya biyo ta nan ya kwanta cikin ƙasa, rana ta shanye gefe-gefen, tsakiyar da sauran danshi, yana ƙanshin kafur. Na tsuguna wurin har aka kira la'asar.