Tulun Irin Baba Aƙilu

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki da hantsi, Sailuba tana tsakar gida tana kwashe shanya. Kafin ta shiga da kayan, ƙamshin ƙasa ya cika unguwar Ƙofar Gayan. Maƙwabta suna ta jan bokitai zuwa ƙarƙashin indararo, kowa baki har kunne, ban da ita. Tun da hadari ya fara haɗuwa a gabas gabanta yake faɗuwa, don ta san wanda zai kira ta, ta kuma san abin da zai tambaya.

"Ta Birni," muryar ta fito daga shagon da ke jikin zaure. "Hancina ne yake yi mini ƙarya, ko ruwa ne?"

"Ruwa ne, Baba."

"To, Alhamdu lillahi. Kira mini Labaran. Ki zo kuma ki jawo mini tulun nan."

Baba Aƙilu ke nan, mahaifin mijinta. Ba wanda ya san shekarunsa, har shi kansa. In an matsa masa sai ya ce da wayonsa aka ɗebi samarin ƙauyensu zuwa yaƙin Bama, mai son lissafi ya je ya yi. Ya binne mata biyu da 'ya'ya da dama, ya ga jikokin jikokinsa, kuma duk tsawon wannan rayuwa damina ba ta taɓa same shi a wani wuri ba sai a gonarsa ta Gidan Ɗorawa. Bara bayan kaka, da matarsa ta ƙarshe ta rasu, Labaran, mijin Sailuba, ya je da mota ya ce asibiti za a kai shi a duba yanar idonsa, kwana kaɗan a dawo da shi. Tsoho ya yarda. Bai ɗauko komai ba sai buzunsa, da sandarsa, da wani ƙaramin tulu baƙi ƙirin da hayaƙi, an toshe bakinsa da tsumma.

Ba a je asibitin ba. Abin da aka yi shi ne, Labaran da yayyensa suka haɗa baki suka sayar da gonar ga masu yanka filaye. Sailuba tana wurin aka gama maganar a ɗakinta, ita ce ma ta kawo musu ruwan sha. An sare ɗorawar, an kakkafa turakun siminti, an kuma yi yarjejeniya cewa ba wanda zai gaya wa Baba, wai don kada hankalinsa ya tashi. Mutanenmu sun iya wannan: in za su cuci tsoho, sai su ce tausayinsa suke ji.

Aka share masa shagon da mataccen babur ɗin Labaran yake, aka tura babur ɗin gefe, aka shimfiɗa buzu. Shi ke nan, an kawo Baba birni ya huta.

* * *

Tsohon bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya ƙi abinci. In an kai masa shinkafa ya ci loma biyu ya ture. Taliya kuwa da ya shafa ta da yatsa sai ya tambaya ko yara ne suka zuba masa tana a kwano. Abin da cikinsa ya sani shi ne dawa. Sailuba ta gaya wa Labaran, ya ce gobe zai sayo. Goben Labaran kuwa kowa a gidan ya san tsawonta.

Kada a ce talauci ne. Kasuwa ba nisa, kuma kwanon dawa bai fi ƙarfin Sailuba ba. Gaskiyar magana ita ce wata rana tana saurin zuwa suna a Gyallesu, an fitar da Baba ƙofar gida yana shan hantsi, ta shiga share shagon, tsintsiya ta bugi tulun. Ta zare tsumman ta leƙa. A ƙarƙashin toka sai ga dawa ja, ƙosassa, kowace ƙwaya kamar an zaɓe ta. Ta san iri ne, ba yarinya ba ce. Amma ta ce a ranta, irin me, bayan gonar ta tafi? Ta ɗebi tafi biyu, ta wanke, ta surfa, ta dama masa kunu.

Baba ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Ta Birni."

Albarkar nan ce ta kama ta. Washegari ta sake ɗiba. Don kada tulun ya yi sakayau, sai ta riƙa zuba yashin da magina suka bari a bayan gida, ta rufe da toka. Tsoho ya fara murmurewa, har yana zolayarta, yana cewa 'yar birni ta koyi damun ƙauye. Ita kuma tana jin daɗin yabon, tana jin ɗacinsa a lokaci guda.

Wata rana da la'asar, yana cikin shan kunun, ya miƙa hannu ya shafa wuyan tulun kamar mai shafa kan jika.

"Kin san sunan abin da ke cikin nan?"

"A'a, Baba."

"Ta-Gambo. Sunan uwata ke nan. Ita ta zo da irin daga gidansu a ƙullin zane. Ina yaro aka yi shekarar fara, suka cinye gonaki ƙarƙaf. Muka ci dusa, muka ci ganye, muka tona gidan tururuwa. Tulun nan yana rataye a kanmu cike da dawa, ba ta bari an taɓa ba. Ina da ƙane, Jamilu, bai daɗe da yaye ba. Ya yi ta kuka yana nuna tulun, har ya daina kuka." Ya kurɓi kunu. "Da aka dawo daga binne shi, ubana ya ɗaga sanda zai fasa tulun. Uwata ta sauko da shi ta kwanta a kai, ta ce sai dai ya fasa ta. Da ruwa ya sauka, rabin ƙauyenmu a wurinta suka samu abin shukawa. Tun daga nan ba a taɓa tsallake damina ba. In an yi girbi ni da kaina nake bin gona ina zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ita ce ta baɗi. Da ita na yi aure, da ita na aurar, da ita Labaran ya yi boko."

Sailuba ta ce tukunya tana kan wuta, ta fita. Babu wata tukunya. A bayan madafa ta tsuguna ta yi kuka mai isarta, ta rantse ba za ta ƙara ba.

Ta cika rantsuwar na ɗan lokaci. Ta je kasuwa da ƙafarta ta auno dawa, abin da ya kamata ta yi tun farko. Baba ya ɗanɗana, ya ajiye kwanon a hankali, ya ce yau ba ya jin yunwa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Da ta ga wuyansa ya fara komawa kamar sillen kara, sai ta jira aka fitar da shi shan hantsi, ta koma wa tulun. Ta sake ɗiba.

* * *

Yanzu ga ruwa ya sauka. Labaran ya fito daga ɗaki yana gyara hula, ya tsaya daga bakin ƙofar shagon, bai shiga ba.

"Barka da ruwa, Baba."

"Barka kadai. Ka nemo motar nan. Ƙasa ta jiƙa, ba a sa ta jira."

"Ai ruwan farko ne, Baba, ba a shuka da shi. A bari ya kama sosai."

"Kai za ka gaya mini ruwan da ake shuka da shi?"

Labaran ya yi 'yar dariya, ya dubi agogo, ya ce ana jiran sa a ofis, in ya dawo za su yi magana. A zaure Sailuba ta sha gabansa.

"Abban Muntasir, ka gaya masa. Don girman Allah ka gaya masa."

"In gaya masa ya faɗi ya mutu, ki ɗauki alhakin?" Ya rage murya. "Ki lallaɓa shi. Zuwa jibi ya manta."

Ya fita cikin yayyafi, ya bar ta da tulu.

Ta jawo shi gaban buzun, yana da nauyi kamar kullum. Baba ya zare tsumman, ya naɗe hannun rigarsa, ya yi bisimilla ya zura hannu. Ya ɗebo, ya murza. Yashi ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya sake zurawa har gwiwar hannu, ya sake ɗebowa. Ba abin da ake ji a shagon sai ruwa a kan kwano da saukar yashi a kan buzu.

Sailuba ta durƙusa. "Baba, ni ce. Ni na..."

"Na sani."

Ta ɗago kai.

"Tun kurɓar farko na sani. Abin da na sha tun kafin a haifi uwarki zai ɓace mini?" Ya karkaɗe hannunsa. "Na so a ce harshena ne ya tsufa, shi ya sa na ce ki kawo in taɓa. Sun sare ɗorawar?"

Ta shiga tattara yashin da ya zube a kan buzu.

"Sun sare ke nan. Labaran tun yana ƙarami in ya yi ɓarna ba ya iya zama kusa da ni. Tun da na zo gidan nan, daga bakin ƙofa yake gaishe ni."

"Me ya sa ba ka hana ni ba, Baba? Kalma ɗaya da ka faɗa..."

"Yunwa nake ji, 'yar nan." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Daɗi kuma ya yi mini. Ki daina kuka, ke damawa kika yi. Abin da uwata ta hana Jamilu har ya mutu, ni na shanye shi da bakina, ina sa miki albarka."

Da zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ta ɗauki tulun ta juye shi kaf a kan faifai, ta riƙa tankaɗe yashin da tafin hannu tana tsince ƙwayoyin da suka maƙale a ƙasa. Abin da ta samu bai rufe tsakiyar tafinta ba. Ta zuba masa a hannu, ya dunƙule.

"Akwai ƙasa a gidan nan?"

Ta duba tsakar gida. Daga zaure har bakin rijiya siminti ne, sumul. Da kuɗin gonar aka yi shi, ita ce ma ta matsa a yi, don ta gaji da taɓon damina.

Ta samo tsohon bokitin fenti ta huda gindinsa da ƙusa. Da ruwa ya ɗauke ta je gindin ganuwa ta ciko shi da jar ƙasa, ta ɗauko a ka, mata suna leƙe suna tambaya ko gini za ta yi. Baba ya tona da ɗan yatsa, ya zuba, ya rufe da dunduniyar hannu. Haka ya yi shukarsa ta bana, a zaune.

* * *

Dawar ta tsiro. Kullum da safe Sailuba takan jawo bokitin bakin shagon, shi kuma ya shafa ganyen ya faɗi abin da ya gani da yatsunsa: yau ta ƙara, yau tana son ruwa. Da ta kai tsawon kamu sai ya ce wurin ya yi mata kaɗan, a nemi fili a dasa ta. Sailuba ta gaya wa Labaran, ya ce gobe. Ita ma ta ce a ranta gobe za ta tambayi wata ƙawarta mai fili a bayan gari.

Baba bai jira goben ba. Wata safiya ta kai masa kunu, na dawar kasuwa, ta yi sallama bai amsa ba.

Ranar sadakar uku gidan ya cika har lungu. Yayyen Labaran sun zo daga Kaduna da manyan motoci. Daga madafa Sailuba tana jiyo masu gaisuwa a zaure suna cewa, kai, kun rabauta, kun riƙe tsoho har ya haura ɗari, ba kowa Allah yake ba wannan ba. Tana kuma jiyo muryar mijinta a sanyaye yana cewa ai wajibi ne, iyaye ba su da na biyu.

Sai da yamma, da aka fara watsewa, ta samu ta ɗebi ruwa a buta ta nufi bakin shagon. Bokitin ba ya nan. Ta hango shi can wajen murhu a kife, wata baƙuwa mai jiki ta zauna a kai tana kankare tukunyar shinkafa. Kujeru ne suka yi kaɗan.

Ƙasar tana gefen rijiya, ta fito dunƙule da siffar bokitin, ganyen a ƙasa an tattake shi. Saiwoyin ne a sama, farare, sun zagaya sun sake zagayawa suna neman hanyar fita.

"Maman Muntasir," baƙuwar ta ce, "miƙo mini ruwan nan in ɗauraye."

Sailuba ta miƙa mata butar.