Makullin Motar Babanku

A'a, dakata. Kar ka ɗaga mini takardar nan a fuska, ni ba karatu na iya ba balle ta ba ni tsoro. Na ji abin da ka ce. Ka ce doka ba ruwanta da ko akwai mutum a cikin mota ko babu, in dai tana kan layin nan da suka shafa wa fenti, tara ce. Na ji. Ka ce gobe mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ja ta, in ba ka makulli don sitiyarin a kulle yake. Shi ma na ji. Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar mai jiran canji.

Ai ina cikin motar yarinyar nan mai rubuta tara ta zo. Ta danna wani ɗan abu a hannunta, ya zaro takarda kamar harshe, ta maƙala a gilashi. Ina kallonta, tana kallon lambar mota. Ko sannu. Ni ba tarar ce ta dame ni ba, rashin maganar ne. Da can kafin a rubuta maka sai an yi magana da kai.

Kai ba ka san yadda aka yi na fara zama a kujerar nan ba, lokacin kana rarrafe. Babanku yana gyaran keken ɗinki, duk telolin layin kasuwa shi suke kira. Da a bayan keken hawa yake ɗaure kawunan kekunan ɗinkin, har ya tara ya sayi motar nan. Layin kuwa matsattse ne, an hana tsayawa. Satinsa na farko ya shiga shago da kan keke a kafaɗa, ya fito ya tarar da takarda a gilashi. Ran nan ko abinci bai ci ba, sai juya takardar yake yi kamar za ta canja magana.

Mai rubuta tarar wani dogon mutum ne, biro a bayan kunne, hular aiki ta yi masa kaɗan. Dogo kowa ke ce masa. Washegari babanku ya je ya tambaye shi yadda dokar take. Dogo ya ce shi dai abin da aka koya masa, in direba yana ciki sai ya fara ce masa ya matsa. In ya ƙi, sannan ya rubuta. Babanku ya dawo gida ya tsaya yana kallona ina wanki, irin kallon da bai yi mini ba tun muna sababbin aure. Na ce lafiya? Ya ce in ɗauko mayafina.

Ni da har yau ban san wanne ne birki a cikin abubuwan nan uku na ƙasa ba, ni aka zaunar a gaban sitiyari. Babanku ya zare makulli ya jefa aljihu ya shige shago. Sai ga Dogo. Ya sunkuyo ta taga, ya gaishe ni, ya ce, "Baiwar Allah, a matsa da motar nan."

Bakina ya riga ni. Na ce, "To, bari in nemo makulli."

Na buɗe jaka na fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a cinya. Zare, allura, maɓallai, man zafi, ƙyallen goge maka hanci, takalminka ƙafa ɗaya. Kowanne sai na ɗaga na duba ƙarƙashinsa. Ban kai gindin jakar ba babanku ya fito, na matsa gefe, muka tafi.

Kana tsammani Dogo bai gane ba? Kwana uku ya yi ya gane. Amma me zai rubuta? Ban ƙi matsawa ba, nema nake yi. Ya ce wa babanku direbar nan tasa bai taɓa ganin mai ladabi irinta ba, sai dai a sai mata ƙaramar jaka. Shekara ashirin da biyu muna haka. Har ya san kayan jakar ya fi ni. In na yi sauri sai ya ce ban duba ƙaramin aljihun ba. Ran da maɓallin rigar aikinsa ya tsinke, a cikin neman makulli na samo masa wani, na ɗinka masa ta taga yana tsaye ƙiƙam yana kallon gaba.

Wata rana babbansu ya zo zagaye, wani mai tumbi da sanda a hammata. Dogo ya haɗe rai ya daka mini tsawa, har teloli suka leƙo. Ni kuwa na rikice da gaske, na zazzage jakar gaba ɗaya, na ce wayyo yanzun nan yana hannuna. Mutumin nan ya ji tausayina, ya durƙusa da farin wandonsa yana laluben ƙarƙashin kujera. Dogo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Babanku ya fito, ya sunkuya wajen taya, ya ɗago da makulli ya ce ga shi nan ya faɗi. Har godiya babban ya yi masa.

Ka ce me nake samu a zaman mota. A gidan nan tun da na shigo ban taɓa zama hannuna babu komai ba. In ba tukunya ba, to ɗayanku ne. A motar nan kaɗai nake zama in ɗora hannu a sitiyari in kalli mutane. Na san telan da ke ɓuya a bayan labule in mai kaya ya zo, na san wace ce ke kawo wa wane abinci ba matarsa ba ce. In babanku ya fito hannunsa duk baƙin mai, sai ya ce, "Direba, an gode," in matsa, ya kama sitiyari da ɗumin hannuna a jiki. Shi ba mai yawan magana ba ne a gida, kai ma ka sani. Duk hirar da muka yi a duniya a motar nan muka yi ta.

Ranar da ciwon ƙirjin ya kama shi kana can wurin aikinka a wani gari, labari aka ba ka, shi ma ba duka ba. Da safe ne. Da kansa ya tuƙa mu zuwa asibitin da ke ƙarshen layin, ya tsaya a bakin ƙofa inda aka hana tsayawa. Na ce in bi shi. Ya ce wa zai tsare mota, yanzu zai fito. Ya jefa makulli a aljihu yadda ya saba. Ni kuma na matsa kujerarsa yadda na saba. Wannan wautar har yau ina jin ta.

Dogo ya zo, gashinsa ya yi fari lokacin. Ya ce a matsa, na ce bari in nemo. Ya wuce. Rana ta take ya dawo, ya tarar jakar a rufe take a cinyata, ban ko taɓa ta ba. Ya dubi ƙofar asibiti, ya dube ni. Sai ya buɗe ƙofar motar ya ce, "Je ki. Ni zan zauna."

Ya cire hularsa ya naɗe dogayen ƙafafun nan ya shiga gaban sitiyari. Mai rubuta tara, a inda aka hana tsayawa. Saboda shi na samu babanku da ransa. Na zauna kusa da shi, ya tambaye ni wa na bar wa mota, na gaya masa, ya yi dariya har ta sa shi tari. Kafin yamma ya cika.

Ma'aikatan asibiti suka miƙo mini rigarsa a ninke, na ji abu mai nauyi a aljihu. Na fito na tarar Dogo yana nan inda na bar shi. Na ce masa na samo makullin. Ya karɓa, ya kawo ni gida, ya ajiye motar a nan ƙofar gida, ya mayar mini da shi a tafin hannu. Tun ran nan ba ta motsa ba. Lokacin babu wani layin fenti. Layin ne ya zo ya same ta.

Na sani, na sani. Tayoyin sun kwanta, matarka ta ce tana ɓata gaban gida, takardu kuma za su yi ta zuwa. Ni na ce maka na ƙi? Ka taɓa jin an ce in matsa na ce a'a? Kai ɗana ne, kuma doka doka ce.

Miƙo mini jakata, ga ta can a rataye. A'a, babbar. Ka ce wa mai ƙarafan in zai zo goben ya taho da kujera. Bari in nemo makulli.